Cefanen Asabar

Shekarar da aka canja takardun kuɗi ce, lokacin da mutum zai wuni a layin banki ya koma gida hannu wofi. Duk wanda yake Gombe a lokacin ba sai an tuna masa ba. Mai tumatir ba ta karɓar kuɗi ta waya, mai keke ba shi da canji, kana da kuɗi a asusu kana kallon abinci a tire ba halin saye. A shekarar ne na daina kai wa mahaifiyata cefane da hannuna, a cikinta kuma ta rasu. Ina da shekara arba'in da takwas, ina aji biyu a makarantar yaƙi da jahilci.

Sana'ata wanki da guga. Ina da ɗan shago a gefen unguwar Federal Low-Cost, masu kawo min kaya yawancinsu malaman makaranta ne da ma'aikata. Shekara ashirin da zare nake rarrabe kayan mutane: ja na gidan da ke kan kwanar layi, kore na gidan da ke da mangwaro, ƙulli biyu na maigida, ƙulli ɗaya na yara. Ban taɓa kai rigar wani gidan wani ba. Wata malama da ke kawo min kayan mijinta ita ta matsa min na shiga makarantar manya, inda take koyarwa da yamma. Na shiga ina jin nauyi. Hannun da ya saba da dutsen guga ya daɗe bai yarda da fensir ba, ina danna shi sai ya karye. Amma ni ba mai gaggawa ba ne. A hankali baƙaƙen suka daina yi min gudu a ido.

Mahaifiyata tana zaune a unguwar Manawashi, a gidan da mahaifinmu ya bari, ita da matar ƙanena. Ƙanen nawa direban babbar mota ne, sai ya yi wata bai kwana gida ba. Inna muke ce mata. Ni ne ɗanta na fari, ita kuwa tana cikin matan da suka riƙe kunyar ɗan fari da gaske. Ban taɓa jin sunana a bakinta ba. In za ta ambace ni sai ta ce “wancan”, ranar da take cikin raha ta ce “mai guga”. Ba ta kallon fuskata. In na durƙusa na gaishe ta, amsa biyu ce zuwa uku, lafiya lau, madalla, a gaida gida, sai ta juya ta kama wani aiki. Ƙanena kuwa da gemunsa yake zama a bakin gadonta su yi ta hira suna dariya. Ban taɓa jin haushi ba. Haka na taso na gani, haka kakarmu ta yi da babban ɗanta.

Tun da mahaifinmu ya rasu cefanen gidan ya dawo wuyana, kuma ranar Asabar nake yi. Da hantsi zan rufe shago in shiga babbar kasuwa. Ba takarda, a ka nake riƙe komai: tumatir, tattasai, attaruhu, albasa, daddawa, kuka, busasshiyar kuɓewa, manja, kifi banda, kanwa, da goro fari guda biyar nata na kanta. Ƙarshen wata in biya Tudun Hatsi in auno masara da wake. In zuba a buhu in hau keke zuwa Manawashi.

In na isa sai in tarar ta shimfiɗa tabarma a gindin darbejiyar tsakar gida, ta ajiye faifai da tire. Ni wurin zamana wani tsohon turmi ne da aka kife a gefe. Sai ta dinga fito da kayan ɗaya bayan ɗaya. Ta latsa tumatir, ta shinshina daddawa, ta murza kuka tsakanin yatsu ta duba launinta. Idonta na kan kaya sai magana ta zo mata. Wane ya rasu a bayan layi, wance ta haihu namiji, rufin ɗakin baya na yoyo, shekaran jiya ta yi mafarkin mahaifiyarta. Wanda ya shigo zai ce da wake take magana, don shi take tsincewa. Amma ba kowa a wurin sai ni. Ni ma in amsa ina kallon ƙasa. Duk abin da na sani na rayuwar mahaifiyata, a kan turmin nan na ji shi.

Kuma kowace Asabar sai ta sami abu ɗaya da bai yi ba. Yau daddawa ba ta nuna ba, wani makon manja an haɗa shi, wani makon kifin ya kwana biyu. Ta ture shi gefen tabarma ta ce a mayar wa mai shi. In ɗauka in koma kasuwa cikin rana. 'Yan kasuwar har sun san da zancen. Mai daddawa na hango ni sai ta fara dariya ta ce, “Yau kuma ni ce a layi wurin Hajiya?” Ta canja min, sau da yawa daga ƙwaryar da ta ɗebo ta farko. Kafin in dawo an yi azahar, tuwo ya sauka. In tarar da kwano a rufe a kan tabarma, miyar kuka da man shanu, ga ruwan wanke hannu a gefe. Ba ta cewa in ci. Ta karɓi canjin ta ce wannan ya yi, ta shige ɗaki ta bar ni da kwanon. In ci, in yi la'asar a masallacin unguwa, in kama hanya. Shekara goma sha ɗaya muna haka. A raina na ɗauka tsufa ne kawai. Har nakan ce wa matata Inna ba a iya mata a cefane.

Da wahalar kuɗin nan ta zo, Asabar biyu a jere na yi a layin banki ban samu ko sisi ba. Ta biyun na je Manawashi hannu wofi, na tarar suna miya da abin da ya rage a ƙasan tukunya. Ban iya zama ba. Ranar Litinin na faɗa wa malama abin da ke damuna, sai ta karɓi wayata ta nuna min shafin wata mata a nan Federal Low-Cost da ke yi wa mutane cefane ta intanet. Tana sa hotunan kayan da ta samo kowace safiya. Kai dai ka rubuta abin da kake so, ka tura kuɗi ta waya, mai kekenta ya kai har ƙofar gida, ya ɗauki hoto ya turo maka shaida. Kuma tana da ƙa'ida: abin da bai yi ba a dawo da shi, a canja a ranar, ba ƙarin komai. Malama ta ce ga cefane ga darasi, ita ba za ta rubuta min ba, in rubuta da kaina.

Ranar Juma'a na zauna a shago bayan la'asar. Na fara rubutawa a littafin makaranta, sannan na kwafa a waya da yatsa ɗaya. Attaruhu sai da na goge shi sau uku. Ana kiran magariba na tura. Ban kai masallaci ba amsa ta shigo: “An karɓa, Alhaji. Gobe da hantsi in sha Allahu.” Ni ba Alhaji ba ne, amma ban gyara mata ba. Na tsaya a bakin titi ina sake karantawa. Wannan ne karo na farko da wanda bai san ni ba ya karanta rubutuna ya gane, bai tambaye ni me nake nufi ba. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗin da ban taɓa jin irinsa ba. Ko yanzu da nake rubuta wannan, ban iya cewa daɗin nan ƙarya ne ba.

Washegari da hantsi hoto ya shigo. Inna a tsaye a bakin zaure, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ledoji biyu a gabanta. Na buɗa hoton da yatsu biyu yadda yarana suka koya min, na ɗauko littafi ina dubawa. Ga tattasai, ga albasa, ga galan ɗin manja. Komai ya cika. Bayan azahar matar ta rubuto cewa Mama ta dawo da daddawa, an canja mata. Na yi dariya na nuna wa matata, na ce to, yau wani ne ya sha ranar ba ni ba.

Juma'ar da ta biyo na biya Manawashi bayan masallaci. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa. Na tambayi matar ƙanena ko kaya sun iso lafiya, ta ce sun iso. Inna tana kallon bango ta ce, “Zamani ya zo da sauƙi.” Na ɗauka yabo ne. Na ɗan ƙara zama a durƙushe, amma babu tire a tsakaninmu, babu faifai, babu abin da za ta sa wa ido ta yi magana. Na miƙe na ce sai an jima, ta ce a gaida gida. Ko minti biyar ban yi ba.

Bayan azumi kuɗi suka dawo hannun mutane. Da na so, da na koma kasuwa da buhuna. Dalilan da na ba kaina suna da yawa, kuma ba wanda yake ƙarya a cikinsu. An buɗe mana aji na musamman ranar Asabar, daga hantsi har la'asar, saboda jarrabawar ƙarshe. Man fetur ya tashi, kuɗin keke ya ninka. Ranar Asabar ce ma'aikata ke kawo kaya su ce Lahadi suke so. Amma akwai dalilin da ban faɗa wa kowa ba: ina son rubuta jerin nan. Kowane mako yana fita da sauri fiye da na baya. Har na fara ƙara abin da ba ta saba samu ba, kankana, ƙwai, madarar gari, don in gwada rubuta sabuwar kalma. A ganina ban taɓa kula da mahaifiyata kamar lokacin ba.

Mayar da kaya kuwa bai tsaya ba. Kowace Asabar bayan azahar saƙo zai shigo: Mama ta dawo da kifi, Mama ta dawo da kuka. Matar nan tana da haƙuri, ban taɓa jin ta yi ƙorafi ba. Sau ɗaya ne kawai, wajen farkon damina, ta rubuto min mai ɗan tsawo. Ta ce, “Alhaji, don Allah me Mama take so ne? Daddawar da ta dawo da ita yau, ita na sake sawa a wata leda na aika, ta karɓa ta ce wannan ta yi.” Na karanta shi tun daga farko har ƙarshe ba tare da na nemi kowa ba, na ji daɗin hakan. Na rubuta mata cewa ta yi haƙuri, tsufa ne, haka take tun da. Saƙon yana nan a wayata har yau, da amsata a ƙarƙashinsa. Ba kuskure ko ɗaya a rubutun.

Mai keken da ke kai kayan bai iya rubutu ba. In ya turo hoto sai ya biyo shi da saƙon murya. Na saurari na farko-farkon, duk abu ɗaya ne: an kai kaya, Malam. Malama kuwa ta sha faɗa mana a aji cewa wanda yake son hannunsa ya faɗa ya rage saƙon murya, ya dage da karatu da rubutu. Ita aikawa take nufi, ni na haɗa har da sauraro. Na daina buɗe nasa. Hoto ya ishe ni. Wata Asabar a tsakiyar damina muna cikin aji, ana ruwa, wayata ta yi motsi a aljihu. Na leƙa a ƙarƙashin benci. Hoto ne, da saƙon murya da ya fi na kullum tsawo sosai. Na duba ledoji na ga sun cika, na ce in an tashi zan saurara. Aka tashi na wuce shago.

Gaisuwar Juma'a ma ta fara raguwa. Tun ina zuwa kowane mako, ta koma mako biyu, wani lokaci uku. In na je, sau da yawa tana ɗaki, daga bayan labule take amsawa. Matar ƙanena ta ce hutawa take yi. Muryarta kuwa yadda na san ta take, gajeriyar amsa, don haka ban ji wani canji ba. Da babbar sallah mun je da yara, gida cike da mutane, tana zaune a kan kujera an rufa mata zane a ƙafa. Na ga zanen. Na ɗauka sanyin damina ne.

Matata ce kaɗai ta taɓa min zancen. Wata rana tana zuba min abinci ta ce, “Malam, ka daɗe fa ba ka ci tuwon Inna ba.” Na ce bari a gama jarrabawa. Ta ci gaba da zuba abincin. Ita ma tana jin nauyin shiga tsakanin ɗa da uwa.

Ƙarshen damina, ranar wata Laraba da safe, ina cikin guga matar ƙanena ta kira ni tana kuka. Ta ce Inna ta faɗi a hanyar bayi, ta kasa tashi. Na bar dutsen da wuta a ciki, maƙwabcina ne ya kashe. Da muka ɗaga ta za mu sa a keke zanen ya zame, na ga ƙafafunta. Sun kumbura har sun yi sheƙi. Jikinta kuwa ba nauyi, kamar ƙunshin wanki da ya bushe. A asibiti likita ya tambayi tun yaushe ƙafar ta fara. Matar ƙanena ta ce tun bayan ƙaramar sallah, kuma Inna ta sa ta rantse ba za ta faɗa wa kowa ba. Likitan ya juyo ya tambaye ni ko ni ne babban ɗanta. Na ce ni ne. Ya tambayi a wane gari nake zaune. Na ce a nan Gombe. Ya ci gaba da rubutu.

Ranar Alhamis da rana ina zaune a gefen gadon ta buɗe ido. Ta gan ni. Ta juya fuska wajen bango yadda ta saba, ta kira matar ƙanena da hannu. Muryar ba ta fita sosai, amma na ji. Ta ce, “Ki ce wa wancan ya je ya ci abinci.” Ban tafi ba. Ban kuma ji ta sake ambatona ba. Da safiyar Juma'a ta cika, aka yi mata sutura bayan masallaci. Ƙanena yana hanya, bai samu jana'iza ba.

Na manta da cewa tun ranar Talata na tura jerin cefanen makon, saboda kada karatun jarrabawa ya sha min kai. Ranar Asabar da hantsi muna zaune a tabarmi a ƙofar gida ana karɓar gaisuwa, sai ga keke ya tsaya. Wani mutum ya fito, sa'ana ne ko ya ɗan girme ni, da furfura a gemu, riƙe da ledoji biyu. Ya yi taku uku ya tsaya. Ya dubi tabarmi, ya dubi butocin da aka jera, ya dubi ƙofar zaure. Sai ya ajiye ledojin a ƙasa a hankali ya yi salati. Ya cire takalmi ya zauna a bakin tabarma aka yi addu'a da shi. Bai tashi ba har aka yi azahar mutane suka ragu. Sannan ya matso kusa da ni.

Ya ce, “Kai ne mai saƙon?”

Na ce ni ne.

Sannan ya ce, “Ka yafe min, Malam. Wata takwas ina cin tuwonka.”

Ban gane ba, sai ya yi min bayani. Ya ce tun ranar farko, da ya dawo da canjin daddawa, ya tarar da kwano a rufe a kan tabarma da ruwan wanke hannu. Tsohuwa ta karɓi ledar, amma ba ita ta duba ba. Bayansa ta leƙa, ta kalli ƙofar zaure, ta ɗan jira. Sannan ta ce masa, to, zauna kai, kada ya huce. Ya ɗauka kirki ne irin na tsofaffi. Sai Asabar ta gaba ma haka, da wadda ta biyo. Kullum sai ta leƙa bayansa tukuna. Da azumi kunu take zuba masa a jarka, da ƙosai a leda. Da ƙafa ta hana ta tsayuwa, matar ƙanena ke tuƙa tuwon, amma miya ita ke kaɗawa daga zaune, ba ta yarda kowa ya taɓa. Ya ce a nan ya gane kwanon ba nasa ba ne. Wata rana ya yi ƙarfin hali ya tambaye ta ko ya gaya wa mai saƙon ya zo. Ta ce masa, “Yana karatu. A bar shi.” Duk da haka da ya fita ya tsaya a ƙarƙashin wata rumfa ana ruwa ya turo min saƙo.

Ya ce, “Ban ga ka amsa ba, sai na ce ko na yi shisshigi ne. Ban ƙara ba. Da na sani da na zo shagonka.”

Na ce masa ba shi da laifi, Allah ya saka masa da alheri. Ya tafi ya bar ledojin a zaure. Da su aka yi miyar masu zaman makoki a ranar.

Da yamma na shiga cikin gida na sami matar ƙanena tana wanke-wanke a gindin darbejiya. Na tambaye ta maganar mayar da kaya. Ta tsaya da hannu cikin ruwa tana kallona kamar ba ta yarda tambaya nake yi da gaske ba. Ta ce, “Yaya, ai don ka dawo ka tarar da abinci take yi. In ka ajiye kaya ka tafi da hantsi, tuwo bai sauka ba, ita kuma ba za ta iya ce maka ka tsaya ba. Tun dare take zaɓar abin da za ta mayar. Na ɗauka ka sani. Kowa a gidan nan ya sani.” Har mai daddawa a kasuwa, da na je daga baya na faɗa mata rasuwar, ta share ido ta ce ita tun shekarar farko ta gane.

Sai bayan sadakar uku na iya buɗe saƙon. Da safe ne, na zauna a kan turmin. Muryar mai keken ta fito, ga ƙarar ruwa a kan kwanon rufi a bayanta. Ya ce an kai kaya, an canja kuka. Ya yi gyaran murya. Ya ce in yi masa afuwa, ba huruminsa ba ne, amma tsohuwa ba ta da lafiya, ƙafarta ta kumbura, ba ta iya fitowa zaure. Ya ce shi a ganinsa, in da hali, cefanen mako mai zuwa in zo in karɓa a wurinsa in shiga da shi da kaina, ko canjin kawai ma, shi zai jira ni a bakin layi. Ya ce ba zai karɓi ko sisi a kai ba. Ya rufe da cewa Allah ya ba da sa'ar karatu.

Daga nan na koma kan hotunan, tun daga na farko. Wannan karon ban duba ledoji ba. Na ga ta a tsaye. Na ga ta a tsaye ta dafa bango. Na ga an fito mata da kujera zaure. Na ga ranar da zane ya fara rufe ƙafa. Daga baya hoton ya koma tsakar gida, hannunta kawai ke fitowa a gefe, a kan ledar, zoben azurfarta ya yi mata yawa. Na ƙarshe-ƙarshen ledoji ne kawai a kan tabarma. Kowane hoto a cikinsu na buɗa shi da yatsu biyu a ranar da ya zo, na ƙura masa ido, na lissafa albasa.

Matar mai cefane ta zo gaisuwa da kanta, ta zauna a cikin gida ta yi kuka duk da ba ta taɓa ganin Inna ba. Ban riƙe ta da komai ba. Kayanta masu kyau ne, ba ta taɓa saɓa lokaci ba, kuma a lokacin da kuɗi suka ɓace ita ta sa aka ɗora tukunya a gidanmu. Har yanzu matata a wurinta take saye in aiki ya yi yawa. Na zauna jarrabawa bayan sadakar arba'in, na ci. Takardar tana cikin leda a ƙasan akwati. A shago na daina ƙulla zare, da biro nake rubuta sunan kowa a takarda in maƙala.

Cefanen Manawashi har yanzu a wuyana yake in ƙanena ya yi tafiya. Ranar Asabar nake kaiwa, da buhu, da ƙafata. Matar ƙanena takan karɓa ta yi godiya, ta ce komai ya yi kyau. Ba ta taɓa mayar da ko ƙwayar barkono ba. In ajiye in fito, rana ko tsaka ba ta yi ba.

Malama ta ce mana wanda ya iya rubutu ya rubuta abin da ya sani. Na zauna na ƙirga, don kada in rage ko in ƙara. Asabar talatin da huɗu aka kai kaya ba ni ba. A hotuna goma sha uku tana tsaye, a goma sha ɗaya tana zaune, a shida hannunta ne kawai, a huɗu babu ita. Kwanon tuwo talatin, kunun buɗa-baki huɗu. Saƙon murya ɗaya, na minti ɗaya da rabi, wanda ya jira ni mako tara tana raye. Labaran da za ta faɗa wa faifai a makonnin nan, ban san adadinsu ba, kuma ba wanda zan tambaya.